Sha Uku a Jikin Gilashi

Gidan Wendell Prusak gareji ɗaya gare shi, garejin kuma mota ɗaya yake ci. Wanda ya gina gidan bai taɓa zaton matar gida za ta yi tuƙi ba, ko kuwa ya zata bai damu ba. Tun ranar da Wendell da matarsa Noreen suka tare, motar da ke kwana a ciki ita ce Gimbiya: ƙirar 1969, ruwan lemo, baƙin layi biyu a kan bonet, da injin silinda takwas wanda in aka tashe shi da safe sai karnukan layin sun yi taro a kai. Motocin Noreen kuwa, ɗaya bayan ɗaya, a waje suka yi rayuwarsu, a waje suka ruɓe.

Wendell bai ɗauki wannan a matsayin mugunta ba. A jihar Michigan da zarar sanyi ya shigo sai a dinga watsa wa tituna gishiri don ƙanƙara ta narke, gishirin kuwa ba abincin da ya fi so irin ƙarfen tsohuwar mota. Ko a tsaye take a ƙofar gida, feshin titi da damshi za su same ta, tsatsa ta fara daga ƙasa tana hawa. Wendell ya fi kowa sanin haka, don shi ke tuƙa babbar motar watsa gishirin a yankinsu. Da hannunsa ya gama da rabin motocin garin Saginaw, kuma albashi ake ba shi. A lissafinsa, motar zamani an yi ta ne don ta mutu a sayi wata. Gimbiya in ta mutu, shi ke nan, ba a ƙara yin irinta.

Noreen ma'aikaciyar jinya ce, da sassafe take fita. Shekara da shekaru tana tsayawa cikin sanyi tana kankare ƙanƙara daga gilashi da ɗan faifan roba, har kafaɗarta ta dama ta fara ba ta labarin yanayi tun kafin rediyo ya faɗa. A bazarar nan ta sayi sabuwar mota, ruwan toka, mai siffar firji a kwance. Silinda huɗu ce, da wata na'ura mai hura wa inji iska, da kwamfuta mai yanke duk wata shawara. Sau ɗaya Wendell ya buɗe bonet ɗinta. Ya tarar da baƙin murfin roba ya rufe komai, ba waya ɗaya da mutum zai taɓa ya ji shi namiji ne. Ya mayar ya rufe, bai sake ba.

Ran wata Lahadi a watan Oktoba, bayan coci, suna kan tebur da yayan Noreen, Duane, mai sayar da inshora. Duane bai taɓa kwance fulogi da hannunsa ba, amma ba abin da bai karanta a waya ba.

"Bana a ciki motata za ta kwana," in ji Noreen, tana miƙa wa mijinta kwanon dankali kamar mai cewa gobe za a yi ruwa.

"Cikin ina?"

"Gareji nawa gare mu, Wendell?"

"Ai da mota a ciki."

"Na sani. Ita nake so ta fito."

Wendell ya ajiye cokali. Ya yi mata bayanin gishiri, ya yi mata bayanin tsatsa, ya yi mata bayanin cewa ƙarfen ƙofar Gimbiya ba a samunsa sai an bi jihohi uku ana roƙon tsofaffi. Noreen ta saurara tana yanka nama, don ba yau ta fara jin wannan karatun ba.

"Ita ba ta zuwa ko'ina lokacin sanyi," ta ce. "Wata biyar tana kwance a ɗaki kamar mai jego, ni da nake zuwa duba marasa lafiya ina waje ina kankara. Ka sa mata tamfol."

"Tamfol." Wendell ya dubi Duane don neman shaida, abin da bai taɓa yi masa amfani ba. "Inji mai ƙarfin doki ɗari huɗu za a rufa wa tamfol saboda keken ɗinki."

Duane ya goge baki a hankali. Dama wannan yake jira tun da aka zuba miya.

"Suruki, dawakan nan naka ɗari huɗu, ka san yadda aka ƙirga su?"

"Kada ka fara."

"A zamanin nan naku, injin ake cirowa a ɗora a benci tsirara. Ba fambel, ba salansa, ba matatar iska, ba abin da yake ja sai kansa. Kamar a auna gudunka ba takalmi ba wando, iska kuma na tura ka ta baya. Sai su buga a mujalla, yara irinka su haddace. Na yanzu kuwa da kayansa duka ake auna shi, kamar yadda zai hau titi. In ka cire wannan, ka cire tsufa, da ƙyar in dawakinka sun haura ɗari biyu da hamsin. Rabinsu ma guragu ne."

"Kai da ko baƙin mai ba ka san inda ake zubawa ba."

"Ni ba na zubawa, gaskiya ne. Motata ba ta ɗigar da shi."

"Kwatan mil a sakan sha uku," in ji Wendell, yana buga tebur da yatsa. "Tambayi kowa a garin nan."

Wannan kam gaskiya ne. Duk wanda ka tambaya cikinmu, mu masu zaman shan kofi ran Asabar da tsofaffin motocinmu jere a waje da tumbinmu jere a ciki, zai ce maka Gimbiya sha uku take yi. Wendell ne ya gaya mana. Shi kuma a wata tsohuwar mujalla ya gani tun yana saurayi, inda wani ƙwararren direba ya yi wannan gudun da irin motar tana sabuwa fil. Wendell bai taɓa kai ta filin tsere ba. Sau ɗaya dai, a wata hanya tsakanin gonakin masara, ya gwada ta da agogon hannu, agogon ya ce sha biyar da rabi. Ya sake, agogon ya maimaita. Sai Wendell ya sauya agogo.

"To in sha uku take yi, ai magana ta ƙare," in ji Duane. "Ta ƙanwata ba za ta ga ƙurarka ba."

"Ko hayaƙina ba za ta shaƙa ba. Mu je filin tseren Lyle ran Lahadi mai zuwa, kafin ya rufe na bana. Wadda ta riga, ita ke da gareji."

A lura, da bakinsa ya faɗa. Daga baya ya yi ta ƙoƙarin tuna cewa Duane ne ya kawo shawarar, amma akwai shaidu biyu, kuma duk dangin juna ne.

Noreen ta dube shi ta saman tabarau. "Ka faɗa a gaban yayana."

"Na faɗa."

"Ba za ka zo daga baya kana ce mini iska ce ko rana ce ba."

"Noreen, silinda takwas ne."

"To," ta ce, ta tashi ɗauko kofi.

Makon nan gaba ɗaya Wendell a gareji ya yi shi. Ya kwance kafireto ya wanke, ya mayar, ya ga ƙaramar ƙusa ɗaya ta ragu a hannunsa, ya sake kwancewa. Ya sauya fulogi takwas, biyu daga ciki sai da ya kwanta a kan injin ya zura hannu har kafaɗa kafin ya kai gare su, fatar bayan hannunsa ta zauna a can. Ya daidaita wuta da kunne, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, ya saurara, ya ƙara, ya rage, har maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya. Tayar da Gimbiya ma kanta aiki ce mai ƙa'ida: a taka totur sau biyu, a jira, a murɗa makulli, in ta yi tari a saki, in an ƙara taki ɗaya ta sha mai ta yi fushi, sai a ba ta lokaci ta huce. Wendell yana son wannan. Yana cewa mota ce da ta san mai ita. Duk da haka, ran Alhamis da ta ƙi tashi har sau huɗu, ya kira ta da wani suna da ba Gimbiya ba.

Shirin Noreen kuwa, ta kai motarta wanki.

"Ba za ki ko duba iskar taya ba?" ya tambaye ta.

"Ita ke gaya mini in tana so."

Wannan amsar ta fi komai ɓata masa rai a makon.

Filin Lyle tsohon wurin saukar ƙananan jirage ne a tsakiyar gonaki, kwalta miƙaƙƙiya, layi biyu, sandar fitilu a farko, babban allo mai nuna lokaci a ƙarshe. Lyle Dombek ya haura saba'in, kunnensa ɗaya injuna sun cinye, saboda haka duk maganarsa kamar da wanda ke tsallaken kogi yake yi. Da labari ya bazu cewa Wendell zai kara da motar cefanen matarsa, duk 'yan kofin Asabar sun zo, har waɗanda suka ce gwiwa ta hana su zuwa coci da safe.

Lyle ya zo da 'yar kwalbar farin man takalmi a hannu, ya tsaya a tagar Noreen.

"Noreen, 'yata, ba ki taɓa yi ba, bari in gaya miki yadda muke yi a nan. Ba a sakin mota biyu tare. Kowa zai rubuta a gilashinsa sakan nawa motarsa ke yi. Wanda lambarsa ta nuna ya fi nauyin jiki, shi fitila za ta fara saki, ɗayan ya jira bambancin ya cika, sannan ya bi shi. In kowa ya faɗi gaskiya, tare za ku isa, sai a ga wa ya fi iya tashi."

"In mutum ya yi ƙarya fa, ya rubuta motarsa ba ta gudu don a sake shi da wuri?"

"In ya fi lambarsa gudu, ya faɗi, ko da ya riga isa. Shi ya sa ba mai yi."

"In ya rubuta ta fi abin da take yi?"

Lyle ya sosa ƙeya. "Wannan ba doka a kai. Ba mu taɓa buƙata ba."

Wendell yana tsaye yana ji. Ya san dokar nan tun kafin ya yi aure, amma a zafin gardamar tebur ta fice masa, sai yanzu ta dawo da duk ma'anarta. Ai wannan ceto ne. Ba sai Gimbiya ta fi firjin gudu ba. In ya rubuta abin da tsohon agogo ya faɗa, shi za a fara saki, saura kuma iya tashi a kan fitila. Shi da ya shekara talatin yana gasar tashi da motocin da ba su ma san ana gasa ba a kowace danja ta garin, da Noreen wadda ke ba masu keke hanya tun suna nesa. Garejin na hannunsa.

Aka ba da damar gwaji. Noreen ta shiga, ta ɗaura bel, ta tafi shiru kamar an zuge labule. Allo ya nuna sha huɗu da rabi. Ta zagayo ta sake, allo ya nuna sha huɗu da rabi. Mutanen da ke jingine da shinge suka ɗan gyara tsayuwa.

"Kamar injin wanki," in ji wani. "Abin da ka danna shi zai yi."

"Ba ta da rai," in ji Wendell.

"Ba ta da rai," muka amsa gaba ɗaya, don dai a samu abin faɗa.

Lyle ya ɗaga murya. "Wendell, shigo ka gwada."

"Ba na so ta yi zafi."

"Ka ce me?"

"Na ce na san motata."

Noreen ta karɓi kwalba ta rubuta lambarta a gilashin baya da rubutun nan nata na asibiti, tsaf, ta miƙa wa mijinta. Wendell ya tsaya a gefen Gimbiya da kwalbar a hannu. Mutane suka matso, hannuwa a aljihu. Ba don komai ba, al'ada ce, kowa na son ganin lamba. Amma shi a idonsa sai ya ga kowace fuska ta zama wata safiyar Asabar da ya jingina da kujera ya ce sha uku. Ga Lyle da ya gaya wa har sau biyu saboda kunne. Ga wanda ya yi wa dariya don motarsa sha huɗu take yi.

Ya rubuta ɗaya. Ya tsaya yana girgiza kwalba, wai man ya daskare.

Duane ya matso ya rage murya. "Suruki, rubuta sha biyar da rabi ka ci garejinka. Ƙanwata ba ta iya fitila ba, ka gani ai."

"Wa ya ce maka sha biyar da rabi?"

"Na duba irin motarka a waya."

"Kai yanzu ni kake taimako?"

"Kaina nake taimako. In ka faɗi, na san ƙofata za ka ƙwanƙwasa neman wuri, ni kuwa kwale-kwalena na cikin garejina, ba ya fitowa. Gara ka sani tun yanzu."

Da wani ne ya ba shi wannan shawara, ko da mai sayar da tsiran alade na bakin shinge ne, mai yiwuwa da ya ɗauka. Amma Duane ne. Rubuta lambar yanzu daidai yake da tsayawa a gaban jama'a ya ce mai inshora ya fi shi sanin Gimbiya, injin tsirara gaskiya ne, dawaki guragu ne. Ya yi tunanin tsatsa. Ya ga ta sosai a ransa, ja-ja a ƙasan ƙofa, tana kumbura fenti. Ya san abin da yake shirin yi, kuma yana jin haushin kansa tun bai yi ba. Sai ya danna kwalbar ya rubuta uku, babba, har man na zuba.

 Lyle ya karkata kai ya karanta, ya sake karantawa.

Noreen ta zo ta tsaya kusa da shi. "Wendell. Ka tabbata?"

"Shiga motarki."

"Lyle ya ce ni za a fara saki ke nan."

"Za ki buƙata."

Ta ɗan dube shi, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya rantse ya sha maganinsa. Ta juya ta tafi.

Abin da ya biyo baya, a faɗi gaskiya, farkonsa ya yi kyau. Gimbiya ta tashi a murɗi ɗaya, abin da ba ta yi ba duk makon. Wendell ya shigar da tayoyin baya cikin ruwan da ake zubawa kafin layi, ya danne birki ya ba ta wuta don robar ta yi zafi. Ƙasa ta yi rawa. Farin hayaƙi ya turnuƙe har allo ya ɓace, ƙarar na dukan ƙirji kamar ganga, warin roba da ɗanyen fetur ya cika wurin. Tsofaffi suka yi murmushi irin na wanda ya hango budurwarsa ta da daga nesa, inda tsufanta ba ya nunawa. A wannan ɗan lokacin ba wanda zai ce maka ba doki ɗari huɗu ba ne.

Noreen ta kewaye ruwan don kada ya ɓata mata wanki, ta ɗaga gilashi saboda hayaƙi.

Suka jeru. Fitilun ɓangarenta suka sauko, kore ta kama. Motar ruwan toka ba ta motsa ba. Ta gefen ido Wendell ya ga matarsa ta duba hagu, ta duba dama, kamar mai shiga babban titi daga lungu. Duk ratar da ƙaryarsa ta ba ta, ta ƙone ta a wurin duba ko akwai mai tahowa a filin da aka kewaye da shinge. Har tasa fitilar ta yi kore, sannan ta taka.

Tare suka tashi ke nan, kafaɗa da kafaɗa, ba rata, ba uzuri.  Wendell ya saki kuloci ya nitsa totur har ƙasa.

Gimbiya ta yi ruri, gindinta ya karkace, tayoyin baya suka dinga juyawa a wuri ɗaya suna neman abin kamawa. Duk ƙarfin nan ya tafi a hayaƙi da kururuwa. Ita kuwa waccan, kwamfutarta ta raba wa ƙafafu huɗu aiki, ko ƙiris ba ta zame ba, ta wuce sumul. Kafin tayoyin Wendell su kama kwalta, yana karanta lambar bayanta. Ya jefa giya ta biyu, motar ta zabura, ratar ta tsaya, ya ce yanzu ne. Ya jefa ta uku. Sitiyari na kaɗawa a hannunsa, madubi na rawa, allurar inji ta kai jan layi, duk abin da Gimbiya ta mallaka ta bayar, ba ta ɓoye komai ba. Firjin dai sai ƙara ƙanƙancewa yake yi a gabansa. Bai ji ma ƙarar sauya giyarta ba. Ya ga fitilar birkinta ta kama bayan layin ƙarshe, sannan ya ga ta kunna sigina za ta juya.

Allon ɓangarensa ya nuna sha biyar da rabi, da manyan lambobi masu haske da za a iya karantawa daga gonar maƙwabta.

Bai yi saurin dawowa ba. Ya biyo hanyar gefe a hankali, yana tsara abin da zai ce: kwalta ta yi sanyi, tayoyin sun tsufa, fetur ɗin yanzu ruwa ne. Ya shirya wa dariya, ya shirya wa tsiya. Da ya kashe mota ya fito, bai tarar da ko ɗaya ba. Lyle ne ya tare shi, rai a ɓace, kamar wanda aka zubar masa da abinci.

"Kai wane irin mutum ne? Me ya hana ka rubuta sha biyar da rabi?"

"Kwaltar ce ta..."

"Wace kwalta? Daidai abin da motarka ke yi ta yi. Da ka rubuta, da ka riga ta da tsawon mota goma, yarinyar nan tana can tana duba titi."

Wendell ya dube shi. "Ka san abin da take yi?"

"Ka ce me?"

"Na ce dama ka sani?"

"Wendell, shekara nawa muna bin bayanka a hanya zuwa garin Bay City? Wa bai sani ba?" Ya juya ga sauranmu. Mu kuma kowa ya samu abin kallo a takalminsa.

"Amma duk Asabar ina cewa sha uku, ba wanda ya taɓa..."

"Wancan ai wurin kofi ne. Ni a wurin kofi sha biyu nake yi. Ka taɓa ganin na rubuta sha biyu a gilashi? Maganar kofi daban, ta gilashi daban. Ba a haɗawa. Kowa ya san wannan."

"Ni ba wanda ya gaya mini."

"Ba a faɗa ai. Da ka zo tsere ko sau ɗaya, da ka gani."

Wendell ya tsaya da hular kwano a hannu. Wato da ya rubuta gaskiya, ba wanda zai ko ɗaga gira, ran Asabar kuma ya koma ya ce sha uku a ci gaba da gyaɗa masa kai. Ya ba da gareji don ya kare abin da ba mai niyyar taɓawa. Ya nemi wanda zai huce a kansa, ya duba ko'ina, kowa na da gaskiya, har Duane, wanda ke can yana cin tsiran alade yana kauce wa idonsa saboda kwale-kwale.

A mota biyu suka koma gida. Ta riga shi.

Ya yi ƙoƙari, ba a ce bai yi ba. Ran Litinin ya kawo maganar a yi tsere uku, wanda ya ci biyu ya ɗauki gareji, Noreen ta ce Lyle ya rufe sai baɗi. Ran Talata ya ce ko a raba, wata ɗaya ita wata ɗaya shi, ta tambaye shi ko kafaɗarta ma wata-wata take ciwo. Ran Laraba ya auna garejin da awo ko za su shiga su biyu in an karkata, ya tarar ko keke ba zai ƙaru ba. Bai ƙwanƙwasa ƙofar Duane ba.

Ran Asabar bai je kofi ba. Ya fito da Gimbiya, ya kai ta bayan gida, nesa da titi iyakar yadda fili ya bari, ya shimfiɗa leda a ƙasa saboda damshi, ya ɗora ta a kai. Ya cire batir, ya cusa tsumma a bakin salansa don ɓeraye, ya shafa mai a duk inda ƙarfe ya nuna. Sannan ya ja tamfol shuɗi ya rufe ta tun daga bonet har baya, ya ɗaɗɗaure. Sama ta yi nauyi, iska na ɗauke da warin dusar ƙanƙara. Ya san tamfol ba gareji ba ne. Ya san abin da zai tarar a ƙasan ƙofa in bazara ta yi.

Yana kan ƙulla igiyar ƙarshe ya ji motar Noreen na ƙara, ɗit, ɗit, ɗit, daga cikin gareji.

"Wendell," ta kira. "Zo ka janye akwatin sifanunka, ta ƙi matsawa, tana ganinsa."

Ya je ya janye. Motar ta yi shiru, ta shige ta tsaya a tsakiya, fili ya ragu gaba da baya. Noreen ta sauke gilashi.

"Af, dama ina so in tambaye ka. Akwai wani maɓalli a nan kusa da giya, ban taɓa danna shi ba. Duane ya ce na gudu ne, wai ran Lahadi a na tsimin mai na yi tseren. Haka ne?"

Wendell ya leƙa ya ga maɓallin. 

"Kada ki gaya wa Lyle," ya ce.

Iska ta ɗaga gefen tamfol a bayan gida, yana jin yana faɗawa. Ya fita neman bulo.